Wanda Ake Nema Ruwa a Jallo

Ƙannena, yau hirar wani tsohon gem na tseren mota zan yi muku, kuma na san akwai manyan da za su ce ina ruwan mai furfura a gemu da zancen wasan yara. Su yi haƙuri su ƙarasa karantawa. Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a birni tsakanin 2005 da 2010 ya san rumfar nan ta bakin layi, mai labulen buhu da benci biyu, da talabijin mai ƙeya, da PlayStation 2 a kan kwali, ga ƙaramin janareto yana tari a waje. A gidan gem ƙwallo ce sarauniya. Amma idan an gaji da ƙwallo, ko rigima ta yi yawa a kan wa ya ci wa, sai mai gida ya ce a sa mota. Mota kuwa a wancan zamanin suna ɗaya gare ta: Need for Speed: Most Wanted.

Abin da ya tono zancen shi ne hutun makarantar da ya wuce. Ɗan yayata ya zo mana hutu da wata laftof ta hannu da mahaifinsa ya saya masa, ya yi kwana biyu yana zagaye gida kamar kazar da za ta yi ƙwai, sannan ya same ni a tsakar gida ya ce, "Kawu, don Allah ba ka da wani gem da ba ya cin data?" Na yi shiru. Can na tuna da wani akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gado, wanda na tara tsofaffin takardun makaranta a ciki. A ƙasan takardun akwai faifan DVD ɗaya a baƙin gida, na asali, wanda wani abokina da ya yi karatu a waje ya kawo mini tsaraba. Na ce na asali ne don in bambanta shi da waɗanda muke saya a leda a bakin kasuwa. A lokacin ba mu ma san akwai wani abu wai shi na asali ba. Mu dai faifai faifai ne, in ya yi, ya yi.

Gem ɗin ya fito a watan Nuwamba na 2005. Wani reshe na kamfanin Electronic Arts mai suna Black Box, da ke Vancouver a ƙasar Kanada, shi ya ƙera shi, kuma reshen da kansa an rufe shi tun 2013. Labarin ciki ba shi da wani zurfi, amma yana da ƙugiya. Ka shigo wani birni na ƙage mai suna Rockport da motarka BMW M3 GTR, ruwan azurfa da zanen shuɗi. Wani tantiri da ake kira Razor ya nemi ku yi tsere a kan mota, wanda ya ci ya ɗauke ta ɗan'uwansa. Ashe an riga an taɓa maka inji. Kana tsakiyar gudu mai ya tsiyaye, motar ta mutu, ya tafi da ita, 'yan sanda kuma suka tafi da kai. Kafin ka fito ya hau motarka ya zama na ɗaya a jerin 'yan tsere goma sha biyar da hukuma ke nema ruwa a jallo. Kai kuma sai ka koma ƙasa, ka sayi 'yar Fiat Punto ko Chevrolet Cobalt ko Lexus IS 300, ka fara hawa tsani daga na goma sha biyar, wani Sonny mai Golf, har ka kai ga wanda ya cuce ka. Wane yaro ne za a ƙwace wa abinsa da zamba ya ce ya haƙura? Da wannan suka kama mu.

Na miƙa wa yaron faifan ina jin kaina, kamar na ba shi gadon gida. Ya juya laftof ɗin hagu, ya juya dama, ya ce, "Kawu, ina ake sa shi?" Babu ƙofar faifai. Kwamfutocin yanzu sun daina zuwa da ita. Sai da muka aro na'urar karanta faifai ta waje, mai igiyar USB, a wurin wani mai gyaran kwamfuta. Daga nan aka shiga karatu na biyu, wanda duk mai faifan asali zai haɗu da shi. An kulle faifan da wani makulli na hana kwafi mai suna SafeDisc. Makullin yana dogara ne da wata 'yar manhaja da ke shiga can cikin hanjin Windows, kuma da aka gano ɓarayin intanet na iya bi ta wannan kafa, sai aka fitar da Windows 10 a 2015 ba tare da ita ba, aka kuma kashe ta a tsofaffin Windows a shekarar. Sakamakon haka, kana iya loda gem ɗin lafiya lau, ka danna shi sau goma, ko motsi ba zai yi ba. Makullin da aka ƙera don ɓarawo ya ƙare a kan mai gida.

Ba kuma za ka ce bari ka je kantin intanet ka saya sabo ba. Wannan na 2005 ba a sayar da shi a Steam ko a kantin kamfanin da ya yi shi. Wanda za ka gani da suna iri ɗaya na 2012 ne, wani reshe daban mai suna Criterion ya yi shi, babu Razor a ciki, babu Rockport. Motocin da ke cikin irin waɗannan wasanni da waƙoƙin da ke tashi a ciki duk aro ne, da yarjejeniya mai wa'adi, kuma sau da yawa idan wa'adi ya cika sai a janye gem daga kasuwa maimakon a sake biya. A ranar 31 ga Mayu 2021 aka janye wasu 'yan gidan Need for Speed ɗin, har da Carbon wanda ya biyo bayan namu a 2006. Wata ƙungiya a Amurka mai adana tarihin wasannin bidiyo, Video Game History Foundation, ta yi ƙidaya a 2023 ta gano kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Mafi muni shi ne abin da ya sami wani gem na tsere mai suna The Crew: ba ya tashi sai da intanet, da aka kashe masa uwar garke a ƙarshen Maris 2024 sai ya mutu a hannun duk wanda ya biya kuɗinsa. Namu tsoho an rufe masa tseren intanet tun 2011, amma sauran jikinsa yana nan da rai, don ba ya neman intanet kafin ya tashi. Ku riƙa tambayar kanku, duk abin da kuka saya a waya ko kwamfuta, shin naku ne, ko haya kuke yi ba ku sani ba.

Daren farko na ce wa yaron ya bari sai da safe mu bi abin a hankali. Bai bari ba. Sauri ya haifi nawa. Ina barci ya shiga wani shafi mai manyan maɓallai kore da ke walƙiya, wanda ya yi masa alkawarin wai sabon fitowa ne na gem ɗin, an wanke shi an goge, kyauta. Ya ƙone datar da yake tattali ya sauke, ya danna, kwamfuta ta yi masa gargaɗi, ya ce ta yi shiru. Da gari ya waye fankar laftof tana kuka kamar injin markaɗe, tallace-tallace na fitowa ta ko'ina, kuma kafin azahar abokansa sun fara kiran mahaifiyarsa suna tambaya ko lafiya, don ga shi yana ta turo musu saƙo yana roƙon a tura masa kuɗi. Kalmomin sirrinsa duka da ya bari a ajiye cikin kwamfutar an kwashe. Wuni guda muka yi muna wanke laftof ɗin daga tushe, muna canza makullai ɗaya bayan ɗaya. Ban yi masa faɗa ba, fuskarsa ta riga ta yi masa. Abin da na ce masa kawai shi ne, kamfanin bai taɓa sake fitar da wannan gem a sabuwar riga ba, don haka duk wanda ya ce maka yana da shi, ko dai kwaskwarimar masu sha'awa ce, ko tarko. Kuma duk fayil ɗin da ya ce sai ka kashe mai gadin kwamfutarka kafin ya shigo, to ka san ba baƙon alheri ba ne.

Hanyar da ta fi tsabta tana da ɗan tsawo. Ka loda daga faifanka. Ka ɗora gyaran ƙarshe da kamfanin ya fitar, mai lamba 1.3. Kafin ka taɓa komai, ka kwafe jakar gem ɗin gaba ɗaya ka ajiye gefe, yadda in ka ɓata za ka sami inda za ka koma. Matsalar makulli kuwa, masu faifan asali kan warware ta ne da wani fayil na tayar da gem da aka cire wa makullin, kuma nan ne daidai inda macuta ke ɗana tarkonsu, saboda haka kowane fayil ka bi da shi ta shafin VirusTotal ya shinshina maka kafin ka buɗe. Wanda kuma faifan PlayStation 2 gare shi, akwai manhajar PCSX2 da ke mayar da kwamfuta ta yi aikin wancan akwati. Sai maganar faɗin allo. An yi gem ɗin don allon da, mai kusan murabba'i, faɗi huɗu tsawo uku. A allon yanzu mai faɗi sha shida tsawo tara, motoci kan baje kamar an taka kwaɗo, tayoyi su koma kamar ƙwai. Wani mai sha'awa da aka sani da sunan ThirteenAG ya rubuta gyaran wannan ya sake shi kyauta: 'yan fayiloli ne za ka zuba a jakar gem ɗin, da wata ƙaramar takardar saiti da kake buɗewa ka canza lambobi da hannunka.

A kan wannan takardar saiti na ga abin da ya fi faranta mini rai a hutun gaba ɗaya. Yaron da jiya ke danna kowane maɓalli kore, yau ya zauna yana karanta layi bayan layi, ya canza ɗaya zuwa sifili, ya tayar da gem ya duba, ya dawo ya mayar. Ya tambaye ni me ya sa gem ɗin ke ajiye ci gaban wasa a jakar takardu, ba a inda aka loda shi ba. Ya gano da kansa cewa abin da ake nema a 2005, ƙwaƙwalwa mai megabait 256 da wurin ajiya kamar gigabait 3, wayar da ke aljihunsa ta ninka shi sau da yawa. A kwana uku ya koyi abin da ajin kwamfuta na zango guda bai koya masa ba, don wannan karon shi ke da buƙata. Amma a nan ma akwai rami. Masu kwaskwarima sun cika intanet da ƙarin motoci, da sabon fenti na tituna, da sabon haske, kuma akwai mutanen da za su yi wata guda suna ɗora wannan a kan wancan har gem ɗin ya ƙi tashi, ba su yi tsere ko ɗaya ba. Na ce masa gyara biyu sun isa, sauran sai ka gama wasan.

Da hoton farko ya bayyana, sai na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro, sannan dariya ta kama ni. A cikin kaina, shekara ashirin, motocin nan kamar ka taɓa su ne. Yanzu ga bishiyoyi kamar an yanko su daga kwali, ga 'yan wasan da aka ɗauka a bidiyo suna zare ido suna cika baki kamar 'yan daban fim mai arha. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, wannan ne kuke ta ba mu labari?" Na ce shi ne. Gem ɗin bai canza ko ɗigo ba, talabijin mai ƙeya ce ke rufa masa asiri, idon ƙuruciya kuma yana cike gurbin da ya rage. Abu ɗaya ne na hana shi taɓawa. An rina birnin Rockport da wani launi ruwan ƙasa-ƙasa mai ɗorawa, wanda da yawa ke cirewa wai ya yi datti. Ni kuwa launin nan la'asar ɗin hunturu yake tuna mini, lokacin da hazo ya sauko rana ta koma kamar faranti. In aka cire shi, birnin ya zama na kowa.

Akwai abin da idon girma ya nuna mini wanda na ƙuruciya bai gani ba. Mutum na tara a jerin, wani Earl mai Mitsubishi Lancer Evolution, ya hana mu barci a zamaninmu. Ka ba shi rata mai tsawo, ka waiwaya, ga shi a ƙeyarka. Mun ɗauka gwani ne, har wasu na cewa yana da asiri. Ashe haka aka gina abokan tseren: kamar an ɗaure ku da danƙo ne, in ka yi nisa a ƙara musu gudun da motarsu ba ta da shi, in ka yi karo ka tsaya su ɗan sassauta. An yi haka ne don kada ka yi nisa ka ji gundura, kada kuma a bar ka a baya ka yi zuciya ka tashi. Haka nan idan ka kayar da ɗaya daga cikin sha biyar ɗin, za a baje maka katuna shida ka zaɓi biyu, uku a kife suke, kuma a cikin na kifen akwai takardar mallakar motarsa. Zuciya na dukan uku-uku kake zaɓa. Wannan 'yar caca ce, sai dai ba ta taɓa aljihu. Jikokinta da ke cikin wayoyinku yanzu suna taɓawa: akwatin sa'a da ake saya da kuɗi na gaske, da kyautar kullum da ke ɓacewa in ka yi fashin kwana ɗaya. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatunan caca ne. Ba na ce ku daina wasa ba. Ku dai riƙa leƙa bayan labule, ku ga inda aka ɗaura danƙon.

Yanzu ga inda zancen yake. Zuciyar wannan gem ba tsere ba ce, gudun 'yan sanda ne. Ba za a bar ka ka ƙalubalanci kowa a jerin ba sai ka tara abin da za mu kira kuɗin kai, wato ladan da hukuma ta sa ga wanda ya kamo ka. Sonny dubu 20 yake nema. Razor miliyan 10. Ana tara shi ne ta hanyar tsokanar 'yan sanda a kuma daɗe ana gudu. Da farko ƙananan motocin sintiri ne ke bin ka, kana jin su a oba-oba suna kwatanta launin motarka. In abin ya yi zafi sai a fara datse hanya. A mataki na uku sai manyan jif-jif su riƙa tahowa ta gabanka, gaba da gaba. A na huɗu a shimfiɗa ƙusoshi a kwalta, jirgi mai saukar ungulu yana shawagi a kanka. A na biyar sai Corvette su fito, har da ogansu Saja Cross da kansa. Kana da dabaru: ka ratsa gidan mai ya tashi a bayanka, ka tunkuɗe ƙafar tankin ruwa ya rufto musu, ka danna maɓallin da ke rage gudun lokaci don ka sha kwana. Lambobi kuwa suna ta hawa a gefen allo, suna yi maka kirari.

Sai dai duk abin da ka tara a gudun nan ba naka ba ne sai ka tsira. In ka ɓace musu, wani ma'auni zai fito yana cika a hankali, kai kuma dole ka sami lungu ka lafe, ka cire hannu, ka jira. In ya cika, an rubuta maka. In aka kama ka kafin nan, komai ya zube, ga tara za ka biya, ga tambari a kan motarka, kamu uku a tafi da ita.

Ina zaune a bayansa ranar da ya yi gudunsa mafi kyau. Ya fi minti ashirin ana fafatawa, ya cika duk sharuɗɗan da ake nema, har da rara. Ya ratsa gidan mai, jiniya ta yanke, ma'aunin ya fito, ga alamar maɓoya nan kusa a taswira. Na ce, "Shiga nan ka tsaya." Ya shiga. Ma'auni ya kai rabi. Na ga yatsansa yana rawa a kan maɓalli. Ya ce, "Kawu, bari in ɗan ƙara kaɗan, ai na iya su yanzu." Na ce, "Kai dai ka sani." Ya fito da kansa ya nemi motar sintiri ya daka mata. Bai yi minti biyu ba ya sha wata kwana da gudu, ga shinge, ya hango 'yar kafa a gefe ya kutsa, ashe nan aka shimfiɗa ƙusoshin. Tayoyi suka fashe, motar tana jan ƙarfe tana tartsatsi, suka yi masa zobe. Ya dafe kai da hannu biyu. Hausawa sun ce wanda ya hau motar kwaɗayi tashar wulaƙanci zai sauka, amma ban taɓa ganin an zana karin maganar nan da mota ta gaske ba sai ranar.

Ban yi masa dariya ba, don na tuna tawa. Wata ranar Alhamis a gidan gem, naira ashirin ɗin cefanen da aka aike ni da ita tana hannun mai gida, ina cikin irin wannan gudu aka kira magariba. Na ce in gama wannan. Aka tayar da salla, na ce saura kaɗan. Aka ɗauke wuta, allon ya yi baƙi, kafin a ja janareto komai ya tafi, ko ajiyewa ban yi a memori ba. Na fito ba kuɗin kai, ba kuɗin cefane, ba jam'i, ga Baba a ƙofar gida yana jan carbi yana kallon hanya. Abin da ya biyo baya ba na mujalla ba ne.

Shekarun da na yi tun daga nan na ga wannan yatsa mai rawa a wurare da yawa da ba gem ba. Na gan shi a wurin matashin da ya ci dubu biyar a cacar ƙwallo ta waya ya ce bari ya mayar ta zama hamsin. Na gan shi a wurin wanda ya zuba kuɗi a tsarin nan na a-ba-ka-riba-duk-mako, aka biya shi sau biyu, maimakon ya zare uwar kuɗinsa sai ya ranto ya ƙara. Na gan shi a musu, inda mutum ya riga ya yi nasara amma sai ya ƙara kalma ɗaya da za ta kashe zumunci. Dukkansu sun iya gudu. Abin da ba a koya musu ba shi ne lafewa a lungu a cire hannu, alhali jiki na cewa a ci gaba. Iya tuƙi a gem ɗin nan kowa na koyonsa a mako guda. Tsayawar ce ke ɗaukar shekaru.

Dole in taɓo kwalta ta gaske, ko da a gurguje. Duk lokacin da aka kunna gem ɗin, kafin komai, Josie Maran, wadda ta fito a matsayin Mia mai taimaka maka a labarin, takan bayyana ta yi gargaɗin a bar tsere a cikin wasa, a kuma ɗaura bel a mota. Ba na jin akwai ɗayanmu da ya taɓa bari ta kai ƙarshe, dannawa muke mu wuce. A Rockport kana dukan bango da gudun fiye da kilomita 200 a awa, gilashi ya tsage, fenti ya kwaile, ka sa ribas ka ci gaba. Babu mai tafiya a ƙasa ko ɗaya a titunan birnin, an share su da gangan. Titin unguwarku kuwa akwai almajiri, akwai mai tallan awara, akwai tsoho mai sanda. Ita BMW M3 GTR ɗin mota ce ta gaske, amma an ƙera ta ne don filin tsere mai shinge. Ta yi gasa a Amurka a 2001, ta kuma ci tseren awa 24 na Nürburgring a Jamus a 2004 da 2005, direbobinta da hular kwano da kejin ƙarfe kewaye da su. Wanda ya ari motar babansa ranar ɗaurin auren aboki ya je yana juyi da ita a mararraba, mutane sun yi da'ira suna ihu, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato ku.

Wani abin da na yaba wa tsohon gem ɗin, wanda da ban lura da shi ba, shi ne yana da ƙarshe. Ka kayar da Razor, ya ƙi ba da makulli, Mia ta murɗe shi ta jefo maka, ashe 'yar sandan ciki ce. Rundunar birnin duka ta biyo ka, ka nufi wata tsohuwar gada da ta karye a tsakiya, ka tashi sama ka dira a ɗaya gefen, su kuma su ja burki a baki. Shi ke nan, sunayen maƙera su fara hawa, an sallame ka ka tafi harkar gabanka. Yawancin na yanzu ba a gina su da gada ba. Kullum akwai sabon zango, sabuwar mota, sabon abin da zai wuce ka in ka kwanta.

Muka yi yarjejeniya da yaron: awa ɗaya bayan la'asar, in an kira salla a dakata ko ana tsakiyar me, kuma duk daren Juma'a ya kwafe ajiyarsa a filashi. Ya kiyaye fiye da yadda na zata. Kafin hutu ya ƙare ya kai kan Earl, ya yi kwana uku yana shan kashi, ya ce shi ya gaji. Daren da zai koma gida, bayan kowa ya kwanta, na ce bari in ɗan taɓa masa, sau ɗaya tak, in nuna masa yadda ake shan kwanar nan ta ƙarshe. Na zauna a tabarma na rage sauti. Earl ya wuce ni a bakin layi. Na sake. Ya sake wuce ni. Ban san inda dare ya tafi ba, sai ji na yi an turo ƙofa, ga yaron tsaye yana murza ido, ya dubi agogon bango, ƙarfe biyu da kwata, ya dube ni.

"Kawu, ba ka kwanta ba?"

Na ce, "Je ka, ina zuwa. Saura kaɗan."